A Fitar Mana Da Boka Daga Labarin Bincike

Akwai wata cuta da ta kama marubutanmu masu sha'awar rubuta labaran bincike, wato irin labaran nan da ake aikata kisa ko sata ko wata ta'asa a ɓoye, sannan a sa wani ya gano wanda ya aikata. Cutar kuwa ita ce zaluntar mai karatu a shafukan ƙarshe. Marubuci zai buɗe littafinsa da gawar wani attajiri kwance cikin jini a falonsa, ya kawo mana Sufeto wane da baƙin tabarau da ƙaramar bindiga a ƙugu, ya yi ta yawo da mu har shafi ɗari da hamsin, daga otal zuwa gidan rawa, daga gidan rawa zuwa bayan gari. Da ya ga takarda ta kusa ƙarewa, shi kansa kuma bai san wanda ya yi kisan ba, sai ya kwantar da Sufeto barci. A cikin barcin sai mamacin ya zo masa cikin fararen kaya ya faɗa masa sunan wanda ya kashe shi. Wani marubucin ba ya ma wahalar da kansa da mafarki, uwar mamacin zai ɗauka ya kai ta wurin boka a gindin tsauni, a buga ƙasa, a leƙa cikin ƙwarya, fuskar mai laifi ta bayyana. Na uku, wanda ya fi su duka muni, shi ne mai kama direban gidan ya sa a rataye shi a ɗakin duhu a yi ta jibga har ya ce shi ne.

Ina ganin lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya a cikin wannan mujalla tamu, tun da dai don haka aka kafa ta. Duk wanda ya ƙare littafinsa ta ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku, to bai rubuta labarin bincike ba. Kuɗin mai karatu ya karɓa bisa alkawarin da bai cika ba, ko da kuwa bangon littafin ya sha hoton bindiga da ankwa.

Wane alkawari? Shi labarin bincike ya sha bamban da sauran ƙagaggun labarai a wuri guda. A labarin soyayya, mai karatu ɗan kallo ne, yana tausaya wa masoya yana jiran ya ga ko za a ɗaura aure. A labarin bincike kuwa abokin wasa ne, kamar yadda mutum biyu ke zama su fuskanci juna a kan dara. Tun daga shafin farko marubuci ya ce masa: ga gawa, ga mutanen da ke kusa da ita, duk abin da mai bincikena ya gani kai ma zan nuna maka, duk abin da ya ji za ka ji, mu ga ko za ka riga shi ganowa. Daɗin littafin duka yana cikin wannan gasa. Idan aka zo ƙarshe aka bayyana mai laifi, abin da ake so mai karatu ya yi shi ne ya bugi cinyarsa ya ce kash, ai kuwa an nuna mini a shafi na arba'in, ni ne ban lura ba. To idan aljani ne ya kawo amsar, wane shafi zai koma ya duba? Ka zauna dara da mutum, da ka ga zai cinye ka sai ka sa hannu ka watsa 'ya'yan darar ka ce ka yi nasara.

Masu wannan sana'a a Turai sun daɗe da gane haka. Galibi ana ɗaukar labarin Edgar Allan Poe na 1841, The Murders in the Rue Morgue, a matsayin mafarin wannan nau'i na zamani. Arthur Conan Doyle ya fito da Sherlock Holmes a 1887, kuma shi Doyle likita ne, ya ɗauko halin tauraron nasa daga wani malaminsa na aikin likita a Edinbara mai suna Joseph Bell, mutumin da kan dubi majiyyaci ya faɗi sana'arsa da inda ya fito daga hannuwansa da takalmansa da tafiyarsa. A 1929 wani limamin kirista marubuci, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na labarin bincike. A cikinsu akwai wadda ba ta da wani amfani sai nuna ƙyamar Sinawa irin ta zamaninsa, wannan mu jefar da ita. Amma ya sharɗanta cewa dole mai laifi ya kasance wanda aka ambata tun da wuri a labarin, kada a warware matsala ta hanyar wani abu na gaibu, kada sa'a ko tsautsayi su yi wa mai bincike aikinsa, kuma duk alamar da ya tsinta dole ya nuna wa mai karatu. Ba don Bature ne ya faɗa nake kawo su ba. Ko yaran da ke wasan 'yar ɓuya a dandali sun san wanda ya shige cikin gida ya kulle ƙofa ya ɓata wasa.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta a wurin taronmu. Za a ce, Malam, ai mu Hausawa ne, mutanenmu sun yarda da aljanu da sihiri da mafarki, marubuci kuma madubin al'ummarsa ne, don me za ka ɗora mana tunanin Turawa?

Da farko dai ban ce babu aljanu ba, ban kuma ce a kore su daga adabinmu ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam cike yake da abubuwan al'ajabi, kuma ba wanda ya taɓa cewa an cuce shi, domin tun farko littafin bai yi alkawarin komai ba sai yawon duniya da ban dariya. Wanda ke son rubuta labarin aljanu ya rubuta, zai sami masu saye fiye da ni. Abin da nake tambaya shi ne, a wace kotu a ƙasar nan, ta shari'ar Musulunci ko ta majistare, aka taɓa karɓar shaidar aljani? Wane alƙali ne zai yanke wa mutum hukuncin kisa don uwar mamaci ta yi mafarki? In kuwa babu, to Sufetonka bai gama aikinsa ba, kai ma ba ka gama naka ba.

Na biyu, maganar cewa bin hujja tunanin Turawa ne, wannan rashin sanin gida ne. Duk yaron da ya kai Suratu Yusuf a makarantar allo ya wuce ta kan misalin da ya fi kowane kyau. An yi zargi, kowa yana cewa ɗaya ne mai laifi, babu wanda ya ga abin da ya faru a ɗakin, sai wani daga cikin dangin matar ya ce a duba rigar, a ga ta gaba ta yage ko ta baya. Rigar ce ta yi magana. Haka kuma hukuncin Annabi Sulaimanu tsakanin mata biyu masu jayayya a kan jariri, inda ya gano uwar gaskiya daga abin da zuciyarta ta kasa jurewa. Malaman fiƙihu suna da suna ga irin wannan alama, suna ce mata ƙarina, Ibnul Ƙayyim ma ya yi dogon bayani a kanta a littafinsa kan hanyoyin yanke hukunci. Ashe kenan ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Doyle muna da wannan ilimi a cikin gafakarmu. Wanda ya bar shi ya tafi wurin boka, shi ne ya bar gida.

Na uku, imanin mutane da gaibu dukiya ce ga mai rubuta labarin bincike, in ya san inda zai ajiye ta. Wurinta shi ne farkon labari da tsakiyarsa, a bakin jama'ar gari, kuma a hannun mai laifi. A cikin The Hound of the Baskervilles na 1902, duk mutanen karkarar sun yarda wani karen tsafi ne ke bin zuriyar gidan yana hallaka su. A ƙarshe sai ga shi kare ne na gaske, wani mai kwaɗayin gado ya shafa masa sinadari mai ƙyalli a duhu, ya fake da tatsuniyar da kowa ke tsoro. Ku duba garuruwanmu. Mutum nawa ne suka mutu aka ce maita ce ko jifa, aka rufe magana, alhali wanda ya fara furta kalmar maitar shi ne ya kamata a fara tambaya ina ya kwana? Ga labari nan a ƙofar gidanmu yana jiran mai ɗauka.

Kada kuma a ce harshen Afirka ba zai iya ɗaukar wannan kaya ba. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya wallafa Mzimu wa Watu wa Kale da Swahili a 1960, inda aka tsinci gawa a wurin da jama'a ke tsoro saboda iskokin kakanni, mai bincikensa Bwana Msa kuma ya warware al'amarin da lura da tunani. Maƙwabtanmu Yarbawa suna da Oladejo Okediji, wanda ya fito da tsohon ɗan sanda Lapade a Aja Lo Leru a 1969, suna da Kola Akinlade mai Owo Eje na 1976. Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen labaran miyagu da faɗuwar gaba. Tun 1952 Tanko Zango ya rubuta Da'u Fataken Dare, a 1982 kuma aka sami Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya tona harkar fasa-ƙwauri. Amma waɗannan wani reshe ne dabam: mai karatu ya san mugun, abin da ke hana shi barci shi ne yadda za ta ƙare da shi. Reshen da ake ɓoye mai laifi a bar hujja ta tono shi, shi ne har yanzu muke rarrafe a kansa.

Dalilin rarrafen, a ganina, lalaci ne tun daga tushe. Da yawa daga cikinmu mun tashi da karatun James Hadley Chase, muka ɗauka shi ne iyakar fasaha. To shi Chase ɗin Baturen Ingila ne, sunansa na gaskiya René Raymond, kuma lokacin da littafinsa na farko ya fito a 1939 bai taɓa taka Amurka ba, da taswira da ƙamus na karin maganar 'yan tasha na can ya gina garuruwansa. Marubucinmu da ke kwaikwayonsa yana kwafar kwafi ne. Shi ya sa za ka ga an kawo mana ayarin masu taya alƙali yanke hukunci su goma sha biyu a wata kotu a Kano, abin da babu shi a kotunanmu. Za ka ga kofur yana ba sufeto umarni. Za ka ga an ajiye gawar Alhaji mako biyu ana ta gwaje-gwaje, danginsa sun yi shiru kamar ba Musulmi ba. Mutumin da bai san yadda ake buɗe fayil a caji ofis ba, bai san Arewa da dokar Final Kod take aiki tun 1960 ba, bai taɓa zama a bencin kotu ya saurari shari'a ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, ina zai sami hujjar da zai shuka a labarinsa? Dole ya nemi boka. Agatha Christie, wadda ta fara da The Mysterious Affair at Styles a 1920, ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na asibiti lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa in ta kashe mutum da guba, likita ma ba ya samun abin gyarawa. Namu kuwa zai zuba fiya-fiya a kofin shayi, ya ce Alhaji ya shanye bai ji komai ba. Ya taɓa buɗe kwalbar kuwa ya ji warinta?

Abin takaicin shi ne, rayuwarmu ta fi ta Landan dacewa da wannan nau'i. Ɗauki maganar jana'iza. Mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, dangi kuma ba za su yarda a yanka gawa ba. Ga ɗan sanda wannan matsala ce, ga marubuci kuwa kyauta ce, domin agogo ya riga ya fara bugawa tun shafin farko. Su wa suka ga jikin mamacin? Masu wanka. Su kuma an hore su da rufa asirin abin da suka gani. To ka ɗauki tsohuwa mai wankan gawa, wadda ta ga shatin yatsu a wuyan amaryar da aka ce ciwon ciki ne ya kashe ta, tana tsakanin amanar da aka hore ta da ita da haƙƙin rai. Wane Sufeto mai baƙin tabarau ne zai kamo ƙafarta? Ga dillaliya mai shiga kowane gida, ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye da ranar da ta sayar. Ga sarkin fawa da zai dubi yanka ya faɗa maka ko mahauci ne ya yi shi. Ga mafarauci mai bin sawu. Ga mai shayin bakin tasha wanda ya san motar da ta fita da ƙarfe uku na dare. Ga gida mai mata huɗu inda kowa ya san ranar girkin kowa, saboda haka duk wanda ke son a zargi wata ya san daren da zai zaɓa. Ga kunya, wadda kan hana mace faɗin inda take a daren ko da za a ɗaure ta, ba don ta yi kisa ba, don wani abin dabam take ɓoyewa.

Bari in ba da misali ɗaya na yadda ake shuka hujja, don masu tasowa. A ce an kashe wani manomi a hanyar gona bayan lisha. Shaida ɗaya ne, ya rantse ya ga fuskar wane sarai a cikin farin wata. Kai marubuci, tun a shafi na goma, kana cikin bayanin gidan mamacin, sai ka sa mata suna surfen geron kunun azumi, tsofaffi a ƙofar masallaci suna gardamar ko jibi za a ga watan Ramalana. Ka wuce abinka, kada ka ja layi a ƙarƙashinsa. A shafi na ɗari da ashirin sai mai bincikenka ya tambayi shaidan: daren ashirin da takwas ga Sha'aban, wane farin wata ka gani bayan lisha? A irin wannan dare wata ba ya fitowa sai dab da asuba, shi ma ɗan siriri. Nan take tambaya ta juya: me ya sa ya yi ƙarya, wa yake karewa? Babu na'ura, babu ɗakin gwaji, kuma duk ɗan ƙauyen da ya karanta zai ji haushin kansa da bai gano ba. Irin wannan ce ta sa Abraham Lincoln, yana lauya a 1858, ya kuɓutar da wanda ake tuhuma da kisa, da ya kawo littafin lissafin wata ya ƙaryata shaida. Haka lallen da ke hannun mace yana faɗin kwana nawa da sa shi. Haka mutumin da ya ce shi Bakano ne gaba da baya, amma da ya firgita sai harshensa ya koma Sakkwatanci.

Yanzu in koma kan hanya ta uku, ta duka, domin ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mafarki da boka suna ɓata littafi ne kawai. Duka kuwa yana ɓata mai karatu. Ina koyarwa a makarantar sakandare, na kuma san su waye ke karanta littattafan nan, a takarda da can, yanzu kuma a waya. Yaro ɗan shekara goma sha biyar ya karanta littafi biyar, a kowanne an kama talakan gidan, an rataye shi, ya amsa laifi, kuma marubucin ya nuna cewa lalle shi ne, Sufeto ya sami ƙarin girma. Me muka koya masa? Cewa zargi hujja ne, kuma gaskiya a ƙarƙashin kulki take. Alhali tsarin mulkin 1999, a sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa, a 2017 kuma aka yi doka ta musamman da ta mai da azabtarwa laifi. Mafi rinjayen malaman fiƙihu ma ba su ɗauki iƙirarin wanda aka tilasta a bakin komai ba. Kowa ya san wanda ya sha wuya zai amsa ko kisan kakansa ne.

Ban ce kada a nuna duka a littafi ba. Yana faruwa, a nuna shi. Amma marubucin kirki zai sa direban ya amsa laifi a shafi na talatin, kowa ya koma gida ya kwanta, sannan mutum ɗaya ya kasa barci saboda wani ɗan abu bai daidaita ba. Daga nan labarin bincike yake farawa.

Mun ga inda rashin tambayar hujja ke kai al'umma. A watan Oktoba na 2012 an kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a garin Aluu bisa ihun ɓarayi. A watan Maris na 2025 an kashe matafiya goma sha shida, mafarauta masu komawa Kano hutun salla, a Uromi ta jihar Edo, bisa zargin masu satar mutane ne. Kada kuma mu yi ta nuna wasu da yatsa, a kasuwanninmu ma ihu ɗaya ya isa a nemo taya da fetur, a ƙauyukanmu kalmar mayya ta isa a kori tsohuwa daga gidanta. Ba na cewa littattafanmu ne suka jawo wannan, ba kuma na cewa littafi zai hana. Amma a cikin nau'o'in adabi duka, wannan ne kaɗai aikinsa shi ne ya saba wa mutum da tambayar: ta yaya ka sani, wa ya gani, da wane haske? Femi Kayode ya ɗauki abin da ya yi kama da na Aluu ya gina Lightseekers a 2021 da Ingilishi. Mu da muke da masu karatu a kowane lungu, muna can muna buga ƙasa.

Saboda haka ina da shawara ga kwamitin da ke shirya gasarmu. A ware rukuni na labarin bincike, kuma a yi masa alƙalanci ta hanyar da ta dace da shi. A cire babin ƙarshe na kowane rubutu a sa a ambulan. A ba alƙalai uku sauran, kowa ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa. Sannan a buɗe ambulan. In duk ukun sun gano tun da wuri, marubucin bai iya ɓoyewa ba, a ba shi shawara ya sake. In ba wanda ya gano, to a kira marubucin ya nuna, da lambar shafi, wurare uku da ya ajiye hujjar a gaban idonsu. Wanda ya nuna, shi ne ya ci. Wanda ya fara da cewa ai a mafarki ne, a mayar masa da takardunsa, a nuna masa ranar da kotun majistare mafi kusa da gidansa ke zama.